Ɗacin Anza da Tulun Iri

Bazara ta kai inda takan kai. Rairayi na ƙona tafin ƙafa tun hantsi, kaji sun buɗe baki a gindin rumbu, hadari na haɗuwa gabas da la'asar ya watse bai ce komai ba. A irin wannan lokaci ne anza ke nuna a dajinmu na nan Dakoro, ni kuwa da zarar na hango ƴaƴanta sun fara yin ruwan ɗorawa, ƙafata ba ta ƙara zama gida.

Shekaranjiya na ɗauki ƙwarya na bi ta bayan danga, wai don kada a gan ni, sai ga ɗana Salau, wanda shi ne mai gidan yanzu, yana dawowa daga sharar gona. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

"Inna, ina za ki cikin wagga rana?"

"Shan iska."

"Da ƙwarya ake shan iska? Anza za ki ɗebo, na sani. Rumbu ukku gare mu cike da hatsi, ga awaki, ga nono. Duk wanda ya gan ki cewa za shi yi Salau ya bar uwatai da yunwa."

"Wanda ya ce hakanan shi zo shi leƙa rumbun," na ce masa, na wuce abina.

Yana da gaskiya, ban ƙi ba. Anza abincin yunwa ce. Gidan da aka ga an jiƙa ƙwayarta, wadda muke kira dilo in an dafa, to ya shaida wa gari cewa ana ganin ƙasan rumbunsa. Amma ni ba yunwa ke kai ni ba, kwaɗayi ne, kuma na daina jin kunyar faɗa. Nakan dafa dilona, in barbaɗa masa gishirin da ayarin Abzinawa ke kawowa, in saki asabarin ɗakina, in zauna ina taunawa ɗaya bayan ɗaya da turamen haƙora ukun da suka rage mini. Kuma da ɗan ɗacinsa nake so, wanda aka tsame saura kwana ɗaya ya gama jiƙa. Bara matar Salau, yarinyar kirki ce daga Ɗan Gulbi, ta tausaya mini ta ƙara masa kwana biyu a ruwa ba da sanina ba. Na yi mata godiya sosai, da ta juya baya na zuba wa awaki. Sabo turken wawa. Nawa turken an kafa shi ne a wata bazara da ta wuce tun kafin uban Salau ma ya san ni.

Ina da shekara tara ko goma a lokacin, don na fara ɗaukar tulu amma ban iya sauke shi ni kaɗai ba. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke daidai sa'ad da gero ya yi ciki. Muka zuba ido, sama ta yi fari fat, kara ya bushe a tsaye. Gonar da kan cika mana rumbu biyu, abin da aka kwaso daga cikinta jaki ɗaya ne ya kawo shi gida a sawu uku.

Kafin a sussuke ko zangarniya ɗaya don tuwo, Baba ya shimfiɗa tabarma ya zaɓi waɗanda suka fi cika ido, ya murje su da hannunsa, ya gauraya da toka saboda ƙwari, ya ɗura a tulu, ya liƙe bakin da laka da kashin shanu. Ya kai shi ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, ya tura ƙarƙashin gadonta na kara. Shi ne irin shuka. Mu biyar ne a gidan: Baba, Inna, Kaka, ni, da ƙanena Nomau wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Duk abin da za mu ci baɗi yana cikin tulun nan, ko ni ma na san haka.

Hatsin ci ya kai mu tsakiyar sanyi da ƙyar, shi ma don ana haɗa shi da karangiya. Jikokina sun san karangiya a matsayin abin da ke maƙale musu a zane su yi ta tsaki. Mu sharo ta muke yi da tsintsiyar ƙaya, a tara, a daka, a sheƙe, a yini ana wahala a sami ɗan abin da bai cika tafi biyu ba, yatsu duk sun kumbura. Da ita ma ta ƙare, Baba ya ɗaura wa jaki akumari. Shi da wasu maza za su yi kudu, ƙasar Katsina, su yi ƙodago su samo hatsi, kuma a ƙungiya za su tafi saboda tsoron mahara. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka.

"Iya, ga amana nan. In ruwa ya sauka ban komo ba, ku shibka. Kahin nan kuwa, komi za a yi, kar a hwasa shi."

"Tahi abinka," in ji Kaka. "Mai hwasa shi sai ya ɗaga ni tukuna, kuma ka san nauyina."

Kaka kuwa siririya ce kamar sillen kara, iska mai ƙarfi ma sai ta riƙe danga. Kowa ya yi dariya, har Inna da idonta ya cika da ƙwalla.

Daga nan muka koma ga anza, mu da sauran gidajen ƙauyen. Ita dai Allah ya yi ta ba ruwanta da fari, kowane itace ya kaɗe ganye ita tana nan kore shar. Da an idar da sallar asuba mata ke fita a ayari, kowace da ƙwarya da goyo, mu yara muna biye. Nunannun mu ke tsotsewa a nan take, zaƙinsu na manne mana leɓe, ɗanyun kuma a cika ƙorai. Kafin rana ta take an dawo an baza a tsakar gida. In sun bushe a zuba a turmi a ɓarza, a sheƙe ɓawon, ƙwayar ta fito. A nan aikin yake farawa, domin ƙwayar anza ɗaci gare ta da ko akuya ba ta yarda da shi, kuma in aka ci ta haka takan murɗe ciki. Sai an tafasa ta, an jiƙa, kullum a zubar da ruwan a sa sabo, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita.

Ruwan kuwa shi ne abin wuya. Rijiyarmu in ka leƙa ba ka ganin ƙasanta, takarkari ne ke jan igiya ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance kafin wasaki ya iso baki. A bazara ta makiyaya ce, shanu na kuka a layi tun safe. Matan ƙauyenmu suka yi shawara, maimakon kowace ta kai ruwa gida, sai a kwaso tukwanen dilon a jera su a inuwar wata aduwa kusa da rijiyar. Mu yara mu kora wa Fulani takarkari, su kuma in shanu sun sha su bar mana ruwa cike da kwamin shayarwa guda. Nan ake sauya ruwa, nan ake tsefe kai, nan ake ba'a. Akwai wata tsohuwa da kullum take cewa in damina ta yi kyau sai ta ci tuwo har a ɗauke ta a kai gida, ana ce mata ai ba mai ɗaukarta sai an ba shi ɗan loma. Ban san ko yunwa ce ke sa dariya saurin zuwa ba, amma ban ƙara yin irin ta gindin aduwar nan ba.

A al'adarmu yaro ne ke ɗanɗana dilo ya ce ya yi ko bai yi ba. Manya bakinsu ya riga ya mutu, sun sha ganyen jiga da sassaƙe iri-iri har ba su bambance ɗaci da rashinsa. Harshen yaro, in ji su, ba ya ƙarya. A gidanmu ni aka ɗora wa wannan sarauta, kuma na riƙe ta da girman kai. Inna takan miƙo mini ƙwaya ɗaya ta ce, "Ke, ji mini." Ba ta kiran sunana, don ni ce ɗiyar fari. In tauna, in ɗaga ido sama kamar alƙali, kowa na jira.

Abin da ba su sani ba shi ne, ni ɗacin daɗi yake yi mini. Yakan kama gefen harshe, in ka kurɓi ruwa a kansa sai ruwan ya zama kamar an sa masa zuma. Ga yunwa kuma tana raɗa mini cewa kwana biyu nan gaba nesa ne. Saboda haka da ɗacin ya ɗan sassauta sai in ce, "Ya yi." A kwashe a dafa. Inna da Kaka su ci su yi hamdala, ni in ci har in lashe akushi.

Nomau ne ya ƙi. A sa masa a baki ya tofar, a dake masa a dama ya kau da kai, ɗan abin da ya haɗiye kuma ya bi ta cikinsa ya fice. Yaron da ke bin kaji da gudu ya koma zama, daga zama ya koma kwanciya, wuyansa ya zama siriri, kansa ya yi masa girma. Kaka, wadda ke kiransa angonta tana tsokanarsa wai bai taɓa sayo mata ko goro ba, ta daina tsokanar. Aka yi rubutu aka ba shi, aka turara masa abin da aka sani. Ni kuwa ko kusa ban kawo cewa da hannuna a ciki ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata safiya a gindin aduwa, na riga na yanke hukuncina Inna na shirin tsamewa, sai wata Bafillatana mai suna Dudu, ƙawar Inna ce da suke musayar nono da hatsi a shekarun arziki, ta sa hannu a tukunyarmu ta jefa ɗaya a baki. Ta tofar, ta goge harshe da gefen zane.

"Wa ya ce wannan ya yi? Saura kwana biyu. Shi kuke ba yaron?"

Inna ta juyo ta dube ni. Da duka ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ni da daɗi nake jin shi," na ce.

Matan suka kwashe da dariya, sai da suka dubi Nomau a bayan Inna, kansa ya langaɓe, dariyar ta tsaya. Dudu ta ce wallahi da akwai nono da ta bayar, amma shanun sun ƙafe, ƴan maruƙa ma tsotson iska suke yi. Aka mayar da dilon ruwa. Ke nan kwana biyu ba abin da zai shiga cikin yaron.

Da muka isa gida Inna ta sauke shi a tabarma, ta ɗauki taɓarya, ta nufi ɗakin Kaka. Ta durƙusa a ƙofa yadda ta saba, amma taɓaryar na hannunta.

"Iya, ludayi guda kawai. In dama mishi kunu."

Kaka na zaune bisa gadon, daidai saitin tulun. "Tulun da anka buɗe don ludayi guda ba ya komawa ruhe, ɗiyata. Yau ludayi, gobe ludayi. Ran da ruwa ya sauka mi za mu sa ƙasa?"

"To in zura ido shi mutu, hatsi na ƙarƙashin gado?"

Ina laɓe a bayan turmi ina jin su. Ban taɓa jin tsoro irin na ran nan ba, domin na ga ko tulun ya tafi ko Nomau, kuma ko wanne ne, ni na jawo.

"Ba ni yinin yau," in ji Kaka. "In rana ta hwaɗi bai sha komi ba, ni da hannuna zan hwasa." Sannan ta ɗaga murya. "Rakiya, hito nan, ina ganin ƙahwarki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba ke ce anka ce kina barin tsinkar anza ki tsuguna kallon tururuwa ba? Ɗauko hauya ki kai mu gidansu."

Gaskiya ne, akwai wani babban gidan tururuwa a gefen gonarmu da nakan ɓata lokaci a kansa, ina bin layinsu da ido. Mu uku muka tafi cikin ranar nan, Kaka na dogara sanda, an bar Nomau wurin maƙwabta. Inna na sara, ni ina kwashe ƙasa da hannu, tururuwa na hawa ƙafafuna suna cizo, ba ni da bakin kuka. Mun yi rami har gwiwa ba komai. Inna ta tsaya ta dubi rana, ta dubi Kaka, Kaka ta ce a ƙara. Wajen ƙugu sai hauyar ta burma wani ɗan ɗaki, ga ƙwayar ciyawa a tare tsaf, busasshiya, har da tsabar gero jefi-jefi a ciki.

"Namu na," in ji Kaka. "Ajiya sunka yi muna."

Muka bi ɗakunan muka kwashe kusan rabin ƙwarya. Na kai hannu ga na ƙarshe, Kaka ta buge shi da sanda, ta ce ba a yi wa mai ajiya ƙarƙaf, su ma suna da yara. Kafin la'asar Inna ta sheƙe, ta daka, ta dama kunu. Nomau ya sha ludayi ɗaya, ya huta, ya buɗe baki da kansa. Ƙanshin kunun ya cika gidan, yawuna ya tsinke, ba wanda ya ce in zo in taɓa, ni ma ban tambaya ba. Taɓarya ta koma gindin turmi.

Rana ta uku aka tsame dilon, kuma aka tuɓe ni daga sarauta a gaban jama'a. Nomau aka ba ya ɗanɗana. Ya tauna, ya haɗiye, ya miƙo hannu. Inna ta juya fuska wajen danga ta daɗe tana gyara ɗaurin kallabin da ba abin da ya same shi. Ni da na ci sai na ji salaf, kamar ana tauna jiƙaƙƙen tsumma. Daga ranar na koyi ɗebe ɗan nawa kwana ɗaya kafin na kowa, in ɓoye a sakaina. Kaka ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Bayan kamar sati uku iska ta juya. Zafi ya yi nauyi har numfashi na wuya, shamuwa ta sauka kan aduwa, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ruwan farko ya zo da guguwa, ya kwashe mana rabin jinkar ɗakin girki, mu yara muna tsalle a cikinsa tsirara, baki buɗe. Ƙanshin ƙasar nan har yau in na shaƙe shi sai na ji yunwa. Da safe wasu gidaje suka fita da sungumi. Kaka ta je gona ta tona da hannu, laima ta tsaya mata a wuyan hannu, ta ce a'a, wannan sallama ce kawai ya yi. Inna ta cije leɓe. Kwana biyar muna kallon maƙwabta na shuka muna zaune. A na shida aka kwana ana ruwa, Kaka ta tona har gwiwar hannu ba ta iske busasshiyar ƙasa ba.

Ita da kanta ta jawo tulun, ta ƙwanƙwashe lakar da bakin wuƙa. Gero ya fito fari da toka, ba ko ƙwaro ɗaya. Ta cika ludayi ta miƙa wa Inna. "Wanga na angona na, a dama mishi. Sauran na ƙasa."

Inna na gaba tana sara da sungumi, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, Kaka na zaune a kan iyaka da Nomau tana yi mini ihu wai ina zubawa kamar na gadon ubana. Kwana uku muka gama. Cikin ƴan kwanaki daji ya yi kore, tafasa da gasaya suka fito, tukunya ta sami abin da za ta dafa ban da anza. Su Dudu suka ɗaure kaya za su yi arewa wajen Tagriss, ta aiko wa Nomau da nono a ɗan gora, na farko da shanunta suka kawo.

Gero ya kai gwiwa muna noman fari, ni da Inna, sai na hango mutum da jaki daga kudu. Baba ne, ya rame ya yi baƙi, jakin na ɗauke da taiki biyu na hatsi. Na jefar da hauya zan ruga, sai na ga ya tsaya cak a bakin gonar. Ya dubi geron daga wannan iyaka zuwa waccan, ba murna ko kaɗan a fuskarsa. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya dubi bayanta inda ba goyo.

"Ba ku hwasa ba," ya ce.

"Ba mu hwasa ba," in ji Inna.

Ya saki igiyar jakin ya nufi gida da gudu, babban mutum da gemunsa. Muka kama jakin muka bi shi. Muka iske shi zaune dirshan a ƙasa a ƙofar ɗakin Kaka, Nomau kuwa ya ɓuya a bayanta, kumatu sun fara dawowa, yana leƙen baƙon da bai gane ba. Baba na dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Iya, tun da na juyo nake roƙon Allah in iske gonar nan ba komi cikinta. Wata huɗu maganar da na bar muku ba ta bar ni barci ba. Da kun hwasa shi, wallahi da ban ce uffan ba."

Kaka ta dube shi sama da ƙasa, ta jawo Nomau ta ɗora masa a cinya.

"Sai yanzu kake hwaɗi? Riƙe ɗanka, ni bayana ya gaji."